Ɗigo ɗaya a bango: kundin aikin ƙaramin majigi na leza

11 ga Janairu, 2025

Madubin ya iso yau, guda biyu a kwali ɗaya. Na daɗe ina duba shi ta gilashin ƙara girma kafin in taɓa komai. Faɗinsa milimita 1 ne, bai kai kan ashana ba. A rataye yake a tsakiyar wani firam na silikon, wasu siraran sanduna biyu na riƙe da shi, firam ɗin kuma yana rataye da nasa sandunan biyu a gicciye. Ke nan madubin na iya juyawa hagu da dama, firam ɗin ya ɗauke shi sama da ƙasa. An shimfiɗa waya a nannaɗe a jikin firam, an kewaye shi da maganaɗisu, da zarar lantarki ya bi wayar sai ta tura. Babu abin da ke gogar wani abu, sandunan murɗewa kawai suke yi su warware. Irin waɗannan ƙananan injuna da ake sassaƙawa a jikin silikon su ake kira MEMS.

Burina majigi ne da zai shiga aljihu: ɗigo 640 a kwance, layi 480 a tsaye, hoto 60 a daƙiƙa, da leza uku, ja da kore da shuɗi.

Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai DLP nake nufi. Ba ita ba ce. Fasahar DLP, wadda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro tushenta a kamfanin Texas Instruments a 1987, madubai dubu ɗaruruwa ko miliyoyi take jerawa, kowane ɗigo da madubinsa, hoton kuma yana nan cikakke a kan guntun kafin lensi ya jefa shi bango. Nawa madubi ɗaya ne tak. A kowane lokaci ɗigo ɗaya ne kawai a bango, yana gudu daga gefe zuwa gefe, yana canza launi a hanya, ido ne yake haɗa sawunsa ya ga hoto. Wannan ne ya ja ni tun ranar da na karanta yadda ƙaramin majigin SHOWWX na kamfanin MicroVision ke aiki, wanda ke ba da ɗigo 848 a layi 480 da haske lumen 10. Tunanin kansa ya girme shi nesa ba kusa ba: tun 1980 Kurt Petersen na IBM ya nuna madubin silikon mai juyawa a kan sanduna masu murɗuwa.

19 ga Janairu

Ban kunna komai ba a makon nan, lissafi na zauna na yi.

Juyin hagu da dama yana aiki ne kamar lilo. Yana da saurin da jikinsa ya yarda da shi, in ka tura shi daidai da wannan saurin, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya kai shi nesa, in ka kauce kuwa da kyar zai motsa. Na wannan madubin yana wajen zuwa da dawowa 18,000 a daƙiƙa. In na zana layi a tafiya na kuma zana wani a dawowa, layi 36,000 ke nan a daƙiƙa. A raba wa hoto 60, kowanne ya sami 600. Zan yi amfani da 480, sauran 120, wato kimanin kashi 3.3 cikin dubu na daƙiƙa, su ne lokacin da firam zai koma sama ya sake farawa. Lissafin ya zauna, amma babu rara mai yawa. Yanzu na gane dalilin da ya sa masu neman layi 720 suke buƙatar madubi mai juyi wajen 27,000.

Sai yawan ɗigo a kwance. Wannan ba manhaja ke yanke shi ba, haske ne. Ƙaramin madubi yana sa haske ya bazu, don haka adadin ɗigon da za a iya bambancewa ya dogara ne da faɗin madubi da girman kusurwar da yake sharewa. Wani abin taimako shi ne haske na karkata ninki biyu na karkatar madubi: madubi ya juya digiri 10 kowane gefe, haske ya share digiri 40 gaba ɗaya. Da milimita 1 da digiri 40, jan haske, wanda ya fi sauran bazuwa, zai ba da ɗigo ɗari takwas da wani abu. Tunda ba zan yi amfani da can bakin gefe ba, 640 ya yi mini daidai. Mai son ƙari sai ya faɗaɗa madubi, faffaɗan madubi kuma ya fi nauyi, ya fi wuyar juyawa da sauri, yana kuma lanƙwashewa a tsakiyar gudu. Ko'ina ka ja sai wani wuri ya matse.

26 ga Janairu

Kafin leza, sai da na gama maganar ido. Ba na wasa da wannan. Ƙa'idar IEC 60825-1, ta kariya daga hasken leza, ta sa iyakar leza aji na 2 a miliwat 1, bisa zaton cewa mutum zai ƙifta ido cikin rubu'in daƙiƙa. Lezar da za ta haska bango ta ninka haka sau goma-gomai. Muddin madubi na gudu hasken a baje yake, amma ranar da ya tsaya cak, duk ƙarfin zai taru a wuri ɗaya. Saboda haka na haɗa wani ɗan da'irar lantarki mai zaman kanta, ba ruwanta da manhaja: madubin na da ma'auni a gindin sandunansa da ke ba da sigina gwargwadon murɗawa, in siginar ta faɗi ƙasa da iyaka, wutar leza ta yanke nan take. Na gwada ta sau 20 ina zare wayar madubi, ta yanke sau 20. Tabarau na kariya kuma yana fuskata duk lokacin da murfi ke buɗe.

Da yamma na kunna jar leza, ƙasa da miliwat 1, na kaɗa madubi da firam da sigina mai santsi. Sai ga wani zane a bango, layi ɗaya yana lanƙwasa yana sarƙewa da kansa kamar raga, yana juyawa a hankali. Na kashe fitilar ɗaki na zauna ina kallo. Wannan siffa sunan Jules Antoine Lissajous take ɗauke da shi, Bafaranshen da a shekarun 1850 ya liƙa ƙananan madubai a jikin ƙarafan daidaita sautin kayan kiɗa, ya haska su, ya ga irin wannan zane a allo. Madubi mai rawa da tsinken haske, abin da ke gabana ke nan yau, sai dai nawa ya fi nasa sauri ƙwarai.

2 ga Fabrairu

Na karya madubi na farko.

Ina neman ainihin saurin da ya fi so ne, ina hawa da siginar kaɗan-kaɗan. A nesa da wurin layin gajere ne, sai na ƙara ƙarfin turawa don in gan shi sosai, na kuma manta ban rage ba da na matso. Da na shiga daidai wurin, layin ya miƙe ya wuce allon gwaji cikin ƙiftawar ido, sannan bango ya yi duhu. Da'irar kariya ta yi aikinta. A ƙarƙashin gilashi na ga sanda ɗaya ta tsinke, madubin ya kwanta a karkace.

Silikon ba ya lanƙwashewa ya zauna kamar ƙarfe. Zai murɗe ya warware sau biliyoyi ba tare da ya nuna gajiya ba, amma da ka wuce iyakarsa sai ya fashe kamar gilashi, babu gargaɗi. Na san haka a takarda. Abin ya yi mini ciwo, don laifina ne, kuma saura guda ɗaya.

4 ga Fabrairu

Na sa iyaka biyu: ɗaya a manhaja, ɗaya a jikin na'urar da ke tura lantarki, ta yadda ko na yi kuskuren rubuta lamba ba za ta iya wucewa ba. Daga yau ƙarfin turawa daga sifili yake tashi a hankali, yana kallon siginar madubi. Na ɗora na biyu. Kololuwarsa, wato saurin da ya fi so, ƙasa kaɗan take da abin da takardar bayani ta ce, kuma siririya ce: ka kauce da 'yan gomomin juyi a daƙiƙa, faɗin layi ya zube.

16 ga Fabrairu

Na zaci juyin sama da ƙasa ne mai sauƙi, tunda sau 60 kawai yake yi a daƙiƙa. Mako biyu ya ci mini.

Ana son firam ya sauko a hankali da gudu ɗaya, ya koma sama da sauri, siffar haƙoran zarto. Na ba shi haka kai tsaye. Abin da ya fito a bango layuka ne a cunkushe a wani wuri, a warwatse a wani, ratsi-ratsi masu haske da masu duhu tun daga sama, suna raguwa zuwa ƙasa. Da farko na zargi na'urar turawa, na canza ta, ba abin da ya canza.

Ashe firam ɗin ma lilo ne, yana da nasa saurin, wajen 550 a daƙiƙa a wannan guntun. Sigina mai kaifin kusurwa kuwa ba sau 60 kaɗai ke cikinta ba, akwai ninkinsa: 120, 180, 240, har sama. Ninki na tara 540 ne, dab da wurin da firam ke so. Duk sanda siginar ta karya kwana a sama, kamar an buga ƙararrawa ne, firam ya yi ta karkarwa yana saukowa. Maganin shi ne in gina siginar da kaina daga ninki-ninkinta, in rage na tara da na goma sosai, in zubar da na can sama, in kuma zagaye kusurwoyin. An biya da wani abu: sashen da ke miƙe sosai ya ɗan gajarta, layi 480 sun shiga amma da kyar. Ratsin ya ragu har sai ka nema kafin ka gani. Ban gamsu ba tukuna, domin gyaran na makaho ne, ba ya duba abin da firam ke yi a zahiri. Zan dawo kansa.

1 ga Maris

Hoto na farko, ja zalla: allon dara mai murabba'i takwas-takwas. Na ɗauki hotonsa na ajiye duk da muninsa. Murabba'an tsakiya sun yi faɗi, na gefe sun matse sun yi siriri, gefen kuma ya fi tsakiya haske nesa.

Dalili ɗaya ne ya haifi biyun. Lilo ya fi gudu a tsakiya, yana rage gudu in ya doshi ƙarshe, ya tsaya, ya juyo. Ni kuwa ina fitar da ɗigo ne a tazarar lokaci iri ɗaya, kamar madubin na tafiya da gudu ɗaya. Na zauna na lissafa. In na yi amfani da kashi 90 cikin 100 na faɗin juyin, na bar bakin gefe a duhu, ɗigon tsakiya yana da nanodaƙiƙa 25, na gefe yana da 57. Fiye da ninki biyu. Don haka a cikin FPGA, guntun lantarkin da ke sarrafa hoton, na sa jadawali: agogo mai sauri yana ƙirga, jadawalin na faɗin ɗigon da ya kamata a nuna a kowane bugu. Murabba'ai suka daidaita. Haske kuma na rage shi a gefe gwargwadon jinkirin, ko da yake raina bai so ba, don asarar haske ce a na'urar da ba ta da shi da yawa. Wata hanya ita ce a bar ƙarfin yadda yake a gajarta lokacin kunna leza a ɗigon gefe, amma asarar ɗaya ce.

Akwai kuma lanƙwasa: layin sama ya yi baka, gefuna sun shigo ciki. Hasken leza ta gefe yake faɗa wa madubi, dole ne, in ba haka ba zai koma inda ya fito, wannan karkatar ce ke lanƙwasa hoton. Gyaransa lissafi ne a kan hoto kafin a aika, na ajiye shi sai gaba.

9 ga Maris

Wannan makon ne aikin ya juya.

Na fara zana layin dawowa. Na daidaita lokaci da hannu har layukan tsaye suka tsaya cif, na rubuta lambar, na ji daɗi. Bayan minti goma sai kowane layin tsaye ya fara tsagewa biyu, haruffa suka yi inuwa. Na sake daidaitawa, bayan wasu mintuna suka sake rabuwa. Washegari da na kunna da sanyi, lambar jiya ba ta yi ba sam.

Kuskuren lokaci a nan ninki biyu yake fitowa. In leza ta makara da nanodaƙiƙa 25, layin tafiya zai gusa dama da ɗigo ɗaya, layin dawowa ya gusa hagu da ɗigo ɗaya, tazara ta zama biyu. Zagaye ɗaya na madubi mikrodaƙiƙa 55.6 ne, kashi ɗaya cikin 360 na wannan, digiri ɗaya na zagayen, ya kai nanodaƙiƙa 154, wato ɗigo shida kowane gefe, goma sha biyu tsakanin layi da layi. Kuskuren da ba a ko gani a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina, ya isa ya lalata hoto.

Me ke gusar da shi? Zafi. Silikon na ɗan yin laushi in ya ɗumama, saurin da madubi ke so ya sauka, wajen rabin juyi a daƙiƙa ga kowane digiri na zafi a irin wannan saurin. Wayar da ke jikin firam na ɗumama shi, leza ma haka. Ni kuma ina tura shi da agogona wanda ba ya canzawa. Madubin zai ci gaba da bin saurin da na ɗora masa, amma jinkirin da ke tsakanin turawa da motsi zai canza, kuma a kan siririyar kololuwa irin tasa, 'yan juyi kaɗan sun isa su gusar da shi digiri da yawa.

Na kwana biyu ina ƙoƙarin rubuta jadawalin gyara bisa ma'aunin zafi. Na kira wani dattijo da na koyi aikin lantarki a hannunsa na zayyana masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, wa ya fi sanin inda madubin yake, kai ko shi?" Na ce, "Shi ne, Malam." Ya ce, "To me ya hana ka tambaye shi?"

Siginar da na haɗa wa da'irar kariya tun Janairu tana nan, tana faɗin inda madubi yake a kowane lokaci, ni kuwa kashe leza da tsaron ƙarfin turawa kawai nake yi da ita. Na sauya tsarin gaba ɗaya. Yanzu madubi ne agogo. Duk sanda ya ratsa tsakiya, siginarsa ta ba da alama, wata da'ira mai bin sawu ta kama wannan bugun, ta gyara saurin turawa ya zauna a kan kololuwa duk inda zafi ya kai ta, daga bugun nan kuma ake ƙirga lokacin kowane ɗigo. Layi 600 na madubi su ne hoto ɗaya, ko sun cika kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ko sun ɗan gota. Wannan ya tilasta mini ajiye cikakken hoto a ma'ajiya, bidiyo na shigowa da agogonsa, madubi na ɗiba da nasa. Rabin abin da na rubuta a Fabrairu ya tafi kwandon shara, ban kuma yi baƙin ciki ba.

22 ga Maris

Awa uku a kunne, layukan tsaye ba su rabu da fiye da ɗigo ɗaya ba. Ragowar daga na'urar ƙara siginar take, ita ma jinkirinta na ɗan motsi da zafi. Na kuma mayar da siginar firam cikin gyaran haƙoran zarto, ratsin Fabrairu ya ɓace.

Wani abu ya rage wanda ba kuskure ba ne: tunda firam na saukowa yayin da ake zana layi, layukan ba a kwance suke ba, zigzag suke yi. A tsakiya tazararsu ɗaya, a gefe bibbiyu suke haɗe baki. A bidiyo ba a lura, a ƙananan haruffa ana gani.

5 ga Afrilu

Launi uku. Ja mai tsawon zango nanomita 638, kore 520, shuɗi 450. Kowace leza da lensinta mai miƙe haske, sannan gilasai biyu masu tantance launi, waɗanda ke barin wani launi ya wuce su mayar da wani, su haɗa ukun su zama tsinke ɗaya da zai faɗa kan madubin milimita 1.

Koren nan na riƙe shi a hannu ina tunanin yadda ya wahalar da masu wannan sana'a. Majigin leza na farko-farko ba su da dayod, ɗan guntun da ke fitar da hasken leza, mai ba da kore kai tsaye. Sai an samar da hasken da ido ba ya gani, wajen nanomita 1,060, a bi da shi ta wani kiristal ya ninka shi ya fito kore, abu mai tsada, mai girma, mai saurin fushi da zafi. A 2009 ne Nichia da Osram da Sumitomo suka sanar da dayod kore na kai tsaye, bayan 'yan shekaru ya shiga kasuwa sosai. Ba don haka ba, mutum irina ba zai taɓa wannan aikin a kan teburinsa ba.

Haɗa su ya ci kwana huɗu. Dole su dace a wuri biyu, a kan madubi da kuma a bango, in ka gyara ɗaya ɗayan ya kauce. Ga gam kuma, yana ɗan ja in yana bushewa, abin da ka daidaita da dare ka tarar ya gusa da safe. A ƙarshe kore ya kauce wa ja da ɗigo uku a kwance, shuɗi ya sauka da layi biyu. Na bar sukurori haka, na gyara da lokaci: kowane launi da nasa jinkirin, a layin tafiya ya makara, a layin dawowa ya riga. Shuɗi kuma ana ɗebo masa bayani daga layi biyu gaba. Sa'a ce ta sa ya zama biyu, da ɗaya ne ko uku, da sai an juya layin baya-gaba. Farin layi ya fito fari, babu ja a gefe ɗaya da kore a ɗayan. Tun da madubi ya zama agogo, irin wannan gyaran ya zama canza lamba kawai.

Samun fari kansa darasi ne. Ido ya fi jin haske a wajen nanomita 555, inda wat ɗaya ke ba da lumen 683. A 520 yana jin kusan kashi 70 cikin 100 na haka, a 638 kusan kashi 20, a 450 bai kai kashi 4 ba. Jan ne ke ɗaukar kusan rabin ƙarfin hasken da ake buƙata, shi ne kuma ya fara kai wa iyakarsa. Hasken majigina duka a hannun ja yake.

19 ga Afrilu

Bayan minti ashirin fari na komawa ruwan shuɗi-kore, fuskokin mutane su yi fari fat kamar marasa lafiya. Jan ne kuma. Dayod ɗin leza ba ya fara aiki sai lantarki ya haura wata ƙofa, ƙasa da ita ɗan annuri kawai yake yi, sama da ita haske ya tashi a tsaye. Ƙofar na hawa da zafi, ta ja kuma ta fi ta sauran hawa, domin sinadarin da aka yi shi da shi dabam ne da na kore da shuɗi. Wurare masu duhu a hoto su suka fi shan wahala, don a bakin ƙofar suke zaune: ta gusa kaɗan, jan da ke cikinsu ya mutu.

Dabarar Maris na maimaita. Gilashin haɗa launi na yoyon ɗan haske ta baya, na ajiye ma'aunin haske a wurin. A cikin layi 120 da firam ke komawa sama, lokacin da tsinken ke bayan wani baƙin shinge da na sa a bakin tagar da haske ke fita, ana kunna kowace leza a mataki biyu, a auna, a lissafa inda ƙofar take yanzu, a gyara. Sau 60 a daƙiƙa, mai kallo bai sani ba. Na kuma ƙara wa ja farantin jan ƙarfe ya riƙa kwashe zafi. Fari ya tsaya. Baƙi ma ya yi kyau ƙwarai, don inda hoto baƙi ne kusan babu hasken da ke fita, ba kamar majigin da fitilarsa ke ci kullum ana tare ta ba.

3 ga Mayu

Na ɗaga shi daga tebur karo na farko, wayoyi na bin sa. Na haska bango daga nesa, na matso da takarda har kusa da taga, na karkata ta, na haska cikin kwano da saman rufi. Ko'ina hoton a tsaye yake, babu abin murɗawa don ya fito sarai. Tsinken siriri ne, yana faɗaɗa a hankali kusan daidai da yadda hoton ke girma, shi ya sa. Wata huɗu ina jiran in ga wannan da idona.

Abin da ban iya kawarwa ba shi ne yashi-yashin da ke kan hoto, wani ƙyalli mai tsaki-tsaki da ke motsi in ka motsa kai. Hasken leza tsarkakakke ne, zangonsa kusan ɗaya, in ya faɗa kan bango mai kaushi sai raƙuman da suka dawo su haɗu a cikin ido, wani wuri su ƙarfafa juna wani wuri su kashe juna. Majigin da ke haska guntu gaba ɗaya na iya sa gilashi mai rawa a hanya ya dama hasken. Ni ba dama, duk abin da ya baza tsinken ya kashe ɗigon. Na gwada yanka wutar leza gutsi-gutsi da sauri a cikin kowane ɗigo don zangon ya ɗan faɗaɗa, ya rage kaɗan, an fi ganin bambancin a ja. Na gwada allo iri biyar, takarda marar sheƙi ta fi, fenti mai sheƙi ya fi muni. A ganina wannan da iyakar haske saboda ido su suka hana irin wannan majigi cin kasuwa. Majigin MP-CL1 na Sony da ya fito a 2015 lumen 32 ne, a ɗaki mai haske ba ya tsayawa. Ban yi mamaki ba da fasahar ta koma inda ɗan haske ya wadatar, kamar tabarau na HoloLens 2 da Microsoft ya fitar a 2019, da na'urorin auna nisa da leza.

Saura gyaran lanƙwasar hoto, wanda ke buƙatar ma'ajiya ta riƙa ɗebo ɗigo daga layuka da dama a lokaci guda, sai haɗa alluna uku su zama ɗaya. Kafin waɗannan, gobe in Allah ya yarda zan auna ainihin hasken da ke shiga rami mai faɗin milimita 7, girman ƙwayar ido a duhu, a nisan santimita 10 daga taga. Sai na ga wannan lambar zan san ko akwati zan yi masa, ko kuwa rage ƙarfin leza zan fara yi.